Jikina na rawa bayan na karya kumallo, ga shi kuma ina da ƙiba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce a Argungu, shekarata 38. Tun da na haifi ɗana na huɗu jikina ya buɗe, yanzu kilo 86 nake. Da safe koko nake sha da sukari da burodi, wata rana shayi. Amma wajen ƙarfe goma da rabi, ina tsaye gaban allo, sai hannuna ya kama rawa, zufa ta karyo mini, gabana ya riƙa faɗuwa, ga wata irin yunwa kamar na kwana biyu ban ci ba. Sai na sha lemon kwalba nake dawowa hayyacina. A kemis an ce olsa ce, na sha magani ban ga canji ba. Abokiyar aikina ta ce sukarina ne ke sauka, yayata kuma ta ce mai jiki irina sukarinsa hawa yake yi, ba sauka ba. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Da abokiyar aikinki da yayarki kowacce ta kama wani gefe na gaskiya. A jikin mai ƙiba sukari yakan hau fiye da kima bayan cin abinci, kuma wannan hawan ne kan jawo faɗuwar da ke biyo baya.

Ga yadda abin yake. Kokon da aka tace, aka zuba wa sukari, aka bi da farin burodi, ba ya daɗewa a ciki. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya ya zama sukari a jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke sakin sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne kwashe sukari daga jini ya kai wa tsoka da hanta da kitse. A jikin da ke aiki daidai, insulin na fitowa da wuri, gwargwadon buƙata, sukarin ya ɗan hau ya koma mazauninsa ba tare da mutum ya ji komai ba. Amma idan kitse ya taru, musamman na ciki, wato teɓa, sai jiki ya daina jin maganar insulin yadda ya kamata. A wasu mutanen kuma fitowar insulin ta farko takan makara. Sukari ya riga ya yi sama, sannan fankiriyas ta farga, ta saki insulin mai yawa a lokaci guda. Kamar wanda aka kira kashin gobara ne ya iso a makare, ya yi ta kwara ruwa har bayan wuta ta mutu, ɗaki ya cika da ruwa. Awa biyu zuwa huɗu bayan cin abinci, kokon ya riga ya bar hanji, insulin kuwa na nan yana aiki, sai sukari ya zarce ƙasa. Da jiki ya ji haka sai ya saki sinadarin da yake saki lokacin firgici, adirenalin, don ya tilasta wa hanta ta fito da sukarin da ta ajiye. Rawar hannu da zufa da faɗuwar gaba duk aikinsa ne. Idan kin karya ƙarfe bakwai da rabi, goma da rabi ta faɗa daidai cikin wannan lokacin.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne lemon kwalbar nan. Kwalbar roba ta rabin lita takan ɗauki sukarin da ya kai cokalin shayi goma ko fiye. Kina sha, kina jin sauƙi, gaskiya ne, amma kin sake harba sukarin sama, insulin ya sake biyo shi, zuwa azahar yunwa ta dawo. Ta nan ne alaƙar take juyawa: ƙiba na jawo faɗuwar sukari, faɗuwar kuma na sa a ci abin da ke ƙara ƙiba. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda aka bi mutum sama da 1,000 a Ingila da Amurka da na'urar auna sukari manne a jikinsu, ya nuna waɗanda sukarinsu ke faɗuwa sosai awa biyu zuwa uku bayan cin abinci sun fi saurin jin yunwa, kuma sukan ci kimanin kalori 300 a wuni fiye da waɗanda nasu ba ya faɗuwa haka. Wannan ya kai ƙarin ɗan kwanon abinci kullum. Don haka idan ana miki gorin kin cika ci, ki sani ba duka ne kwaɗayi ba.

Sai dai kada ki ɗauka na yanke hukunci daga nan inda nake. Mutane da yawa da ke zuwa da irin wannan ƙorafi, idan aka auna su a daidai lokacin da jikin ke rawa, sai a tarar sukarinsu lafiya lau. Ƙarancin jini, wanda ba baƙo ba ne ga macen da ta haihu sau huɗu, yana kawo jiri da bugun zuciya. Haka ciwon maƙoƙo (thyroid) mai sa zuciya ta yi ta gudu, haka damuwa, haka zazzaɓin cizon sauro. Tun 1938 wani likitan tiyata ɗan Amurka mai suna Allen Whipple ya kafa sharuɗɗa uku da har yau ake bi: a ga alamomin, a auna jini a lokacin a same shi ƙasa, sannan alamomin su gushe idan sukarin ya dawo daidai. Ga wanda ba shi da ciwon sukari, adadin da likitoci ke ɗauka da muhimmanci shi ne ƙasa da 55 mg/dL, wato kimanin 3.0 mmol/L idan na'urar da wannan ma'aunin take ƙirga. Ga mai ciwon sukari da ke shan magani, da zarar ya sauka ƙasa da 70 an shiga gargaɗi. Awon da aka yi bayan kin sha lemo, ko washegari da safe, ba ya amsa wannan tambayar.

Kuma ba masu ƙiba kaɗai abin ke samu ba. Akwai ramammun matasa da jikinsu ke saurin amsa insulin, su ma sukan ji haka. Akwai waɗanda aka yi wa tiyatar tumbi, abinci ke wucewa hanji da gudu. Akwai masu shan maganin ciwon sukari irin su glibenclamide ko masu yin allurar insulin, da wanda aka ba kwinin. Ki faɗa wa likita duk abin da kike sha, har da haɗin gargajiya da shayin rage ƙiba da ake tallatawa a waya, domin ba a san abin da ke cikin da yawansu ba.

Dalilin da ya sa nake so ki je asibiti, ko da abin bai kai ki ƙasa ba, shi ne a mai teɓa irin wannan faɗuwar takan zama sallamar ciwon sukari nau'i na biyu shekaru kafin ya shigo. Ki nemi awon sukari na safe kafin cin komai: 100 zuwa 125 na nufin ana bakin ƙofa, 126 zuwa sama idan aka maimaita ya tabbata ciwon sukari ne. Akwai kuma awon HbA1c da ke nuna yadda sukari ya kasance cikin kusan wata uku, 5.7 zuwa 6.4 shi ne bakin ƙofar. Idan ba a samu a Argungu ba, Birnin Kebbi ba nisa. Ki ɗauki tef ɗin tela ki auna ƙugunki daidai cibiya. Idan ya haura rabin tsawonki, teɓar ta kai a kula da ita, ko me sikeli ya ce. Idan an taɓa ce miki sukarinki ya hau lokacin goyon ciki, ko a gidanku akwai mai ciwon, ki ambata.

Maganin farko yana madafi. Ban ce ki bar koko ba, na san ba za ki bari ba. Ki rage shi, ki rage sukarin har ki saba, ki ajiye burodin ki ɗauko ƙosai ko alale ko dafaffen ƙwai. Wake da ƙwai da gyaɗa suna riƙe abinci a ciki, sukari ya shiga jini a hankali, insulin bai sami dalilin yin ambaliya ba. Ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka da ɗan kifi ya fi shayi da burodi riƙe malamin aji nesa ba kusa ba. Mu mutanen Kabi shinkafa ta zama mana jini, safe masa, rana dafa-duka, dare tuwonta. A ci, amma malmala ɗaya, a cika gefen kwano da kwaɗon zogale ko rama, a garwaya wake. Fura da nono ba laifi idan ba a tula mata sukari ba. Ki sa gyaɗa ko ƙuli-ƙuli a jaka ki ci wajen ƙarfe tara da rabi, kafin rawar ta zo.

Idan ta riga ta zo, sukari giram 15 ya isa: cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, ko dabino biyu ko uku. Ki jira minti 15, sannan ki bi da abu mai riƙe ciki. Ba sai kin shanye kwalba ba.

Batun nauyi kuma ba a ce ki koma jikin 'yanmatancinki ba. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2002 ya nuna masu bakin ƙofar ciwon sukari da aka ɗora kan rage kimanin kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. A kilo 86, wannan kilo shida ne. Tafiyar minti goma zuwa sha biyar bayan cin abinci, ko da zagayen tsakar gida ne, tana sa tsoka ta ja sukari da kanta. Amma kada ki bi hanyar ƙin karin kumallo don ki rame. Wanda ya wuni da yunwa kan auka wa abinci da rana, sukarin ya sake yin tsalle.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Idan abin ya fara zuwa miki da asuba kafin ki ci komai, ko tsakar dare, ko ya kai ga gani dishi-dishi, ruɗewa, harɗewar harshe ko suma, wannan wani babi ne daban da ke buƙatar binciken hanta da ƙoda da ita kanta fankiriyas. Ki gaya wa mutanen gida kada su ɗura wa wanda ya suma abin sha a baki, asibiti za a kai shi.

Kafin ranar ganin likita, ki ari ko ki sayi na'urar awon sukari ta yatsa. Har mako biyu, ki riƙa rubuta abin da kika ci da lokacin, da lokacin da rawar ta fara, da adadin da na'urar ta nuna kafin ki sa komai a baki. Ki wanke hannu ki shanya kafin ki soka, domin ɗan zaƙin da ya maƙale a yatsa kan ɓata lissafin. Wannan takardar za ki riƙa ki tafi da ita.