Filin Tambaya da Amsa: Saita Maɓallan Wasa ta Hanyar Fayil a Manhajar Kwaikwayo

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun shafi manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin na'urorin wasa a kan kwamfuta, musamman yadda ake gyara maɓallai ta hanyar rubutu a cikin fayil ɗin saiti. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina amfani da RetroArch wajen buga tsofaffin wasanni. Na buɗe fayil ɗin retroarch.cfg na canza maɓallin tsalle, na adana, amma da na sake kunna manhajar sai na tarar komai ya koma yadda yake tun farko, kai har layin da na rubuta ma babu shi. Shin fayil ɗin ne ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau, kuma kusan tabbas ne ka yi gyaran ne alhali manhajar tana buɗe. RetroArch tana karanta retroarch.cfg sau ɗaya a lokacin da ta tashi, ta riƙe saitin a ƙwaƙwalwarta, sannan idan aka zo rufe ta sai ta sake rubuta fayil ɗin gaba ɗaya da abin da ta riƙe, ba tare da ta duba ko wani ya taɓa shi a tsakani ba. Saboda haka duk abin da ka rubuta tana buɗe, ita ce za ta shafe shi da hannunta a lokacin fita. Layin da ke ba ta wannan umarni shi ne config_save_on_exit = "true". Maganin mai sauƙi ne: ka rufe manhajar tukuna, ka yi gyaranka, ka adana, sannan ka kunna ta. Idan kuma kana daga cikin masu son komai ya tsaya yadda suka rubuta shi, kana iya mayar da wannan layi "false", amma ka sani cewa daga nan duk canjin da ka yi ta cikin menu zai ɓace idan ka rufe, sai dai in ka adana shi da kanka.

Wannan ɗabi'a ba ta RetroArch ba ce ita kaɗai. MAME, wadda Nicola Salmoria ya fara fitarwa a shekarar 1997 domin adana wasannin injinan da ake jefa wa kwabo, ita ma tana sake rubuta fayilolin da ke cikin foldar cfg duk lokacin da aka fita daga wasa. Mupen64Plus kuwa, mai kwaikwayon Nintendo 64, nata tarkon daban ne. A cikin mupen64plus.cfg, a sashen hannun gem (abin da ake riƙewa ana sarrafa wasa da shi) na farko, akwai layin mode, kuma muddin lambarsa 2 ce manhajar za ta ci gaba da saita hannun da kanta a kowane tashi, ta yi watsi da abin da ka rubuta ko da a rufe ka gyara shi. Sai ka mayar da lambar 0 kafin ta yarda cewa saitin da ka rubuta da kanka kake so.

Akwai wasu abubuwa biyu da suke jawo irin wannan ƙorafi, kuma ya kamata ka duba su idan bayanin da ke sama bai warware maka ba. Na farko shi ne gyara fayil ɗin da ba shi manhajar ke karantawa ba. A Windows yawanci retroarch.cfg yana zaune ne a folda ɗaya da manhajar, a Linux kuma yana cikin ~/.config/retroarch, kuma wanda ya taɓa girka ta sau biyu yana iya samun kwafi biyu, ya yi ta wahala a kan wanda aka daina amfani da shi. Na biyu shi ne abin da ka yi rubutun da shi. Manhajar rubuta wasiƙa irin Word takan canza miƙaƙƙun alamomin zance zuwa lanƙwasassu, waɗanda ido ba ya cika bambancewa amma manhajar wasa ba ta gane su ko kaɗan. Ka tsaya a kan Notepad ko makamancinsa, kuma ka lura kada a ƙara wa sunan fayil ɗin .txt a ƙarshe, domin Windows tana ɓoye wannan wutsiya idan ba a umarce ta ta nuna ba. Kafin ka taɓa komai, ka ajiye kwafin fayil ɗin da wani suna.

Tambaya: Ina da hannun gem na Xbox. Idan wasa ya ce in danna A sai in ga B ne yake aiki, kuma da na duba fayil na ga an rubuta input_player1_a_btn = "1" da input_player1_b_btn = "0". Wannan ba kuskure ba ne? Me ya sa lambobin da na kwafo daga kwamfutar abokina ba su yi aiki a tawa ba?

Amsa: Ba kuskure ba ne, da gangan aka yi shi, kuma fahimtar dalilin zai sauƙaƙa maka sauran aikin. RetroArch ba ta haɗa hannunka kai tsaye da wasa. Tana da wani hannu na ƙiyasi a tsakiya da ake kira RetroPad, wanda aka tsara maɓallansa huɗu na dama bisa tsarin hannun Super Nintendo, na'urar da ta fito a Japan a 1990. A wannan tsari A yana dama ne, B yana ƙasa. Microsoft kuwa, tun daga Xbox na farko a 2001, ta sa A a ƙasa, B a dama. Masu RetroArch sun zaɓi su bi matsayin maɓalli a ƙarƙashin babban yatsa, ba harafin da aka buga a kansa ba, kuma a ganina sun yi daidai, domin wanda ya ƙirƙiri wasan ya tsara tsalle da gudu ne bisa inda yatsa zai sauka. Shi ya sa maɓallin ƙasa na hannunka, wanda lambarsa 0 ce a tsarin XInput (hanyar da Windows ke karanta hannun Xbox), ya zama B na wasan, na dama mai lamba 1 ya zama A.

Idan duk da haka ka fi son harafi ya bi harafi, musanya lambobin biyu ya isa. Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne layukan kala uku ne, kuma kowanne da abin da yake nufi. Wanda ba shi da ƙari, kamar input_player1_a = "x", na kibod ne. Wanda ya ƙare da _btn na maɓallin hannu ne, wanda ya ƙare da _axis kuma na sandar juyawa ne ko madannin baya mai zurfi, kuma ana rubuta shi da alamar ƙari ko ragi, kamar "+0" ko "-1", domin a nuna ɓangaren da aka tura. Inda ba ka son a ɗaura komai sai ka rubuta "nul". Maɓallan kibiya a wasu hannuwa ba lamba suke da ita ba, za ka ga an rubuta "h0up" da "h0down" da makamantansu.

Game da lambobin abokinka, ba wata doka da ta tilasta wa masu ƙera hannuwa su jera maɓallai iri ɗaya, kuma hannu guda ma yana iya ba da lambobi daban gwargwadon direban da manhajar ke bi ta kansa, ko xinput ne, ko dinput, ko sdl2, ko udev na Linux. Layin input_joypad_driver ne yake nuna wanda kake kai. Don haka kwafo lambobi daga wata kwamfuta caca ce. Hanyar da ta fi inganci ita ce ka saita maɓallan sau ɗaya ta cikin menu, ka umarci manhajar ta adana bayanin hannun, sai ta rubuta ƙaramin fayil a foldar autoconfig mai ɗauke da sunan hannun da lambobin shaidarsa guda biyu, na kamfani da na samfuri. Wannan fayil ne ya kamata ka riƙa gyarawa, tunda yana bin hannun ne a duk lokacin da aka jona shi, ba kamar retroarch.cfg ba da zai ɗora lambobi iri ɗaya a kan kowane hannu da ya zama na ɗan wasa na farko.

Tambaya: Ina so in canza maɓallan Street Fighter II kaɗai, ta yadda naushi uku za su jeru a sama, shuri uku a ƙasa, ba tare da na ɓata sauran wasannina ba. Yaya zan yi a MAME?

Amsa: Wannan wasa na Capcom, da ya fito a 1991 da maɓallai shida, shi ne yake tilasta wa mutane da yawa koyon wannan fanni, domin tsarin asali na MAME a kibod bai dace da shi ba: maɓalli na ɗaya Ctrl na hagu ne, na biyu Alt na hagu, na uku dogon maɓallin tazara, na huɗu Shift na hagu. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne MAME tana karanta saitin maɓallai hawa-hawa, kuma na ƙarshe shi ne mai rinjaye. Tana fara da tsarinta na asali, sai fayil ɗin da ke foldar ctrlr idan ka ambace shi a mame.ini, sai default.cfg wanda ya shafi duk wasanni, sannan fayil ɗin wasan kansa, wanda yake ɗauke da gajeren sunansa, a nan sf2.cfg. Wannan na ƙarshe shi ne wurin aikinka.

Ba na ba da shawarar ka rubuta shi daga farko da hannu. Fayilolin XML ne, wato rubutu mai alamomin buɗewa da rufewa, kuma a fayil ɗin wasa kowane maɓalli yana da wasu lambobi da suka danganci allon injin na asali, waɗanda ba za ka iya cinka ba. Ka kunna wasan, ka danna Tab, ka shiga saitin wannan wasa kaɗai, ka ɗaura kowane maɓalli a kan wani abu ko da ba shi kake so ba, sannan ka fita. Yanzu MAME ta rubuta maka ƙashin bayan fayil ɗin, saura ka canza abin da ke tsakanin alamomin newseq. Za ka iya rubuta KEYCODE_A OR JOYCODE_1_BUTTON3 idan kana so kibod da hannu su yi aiki tare. Idan ka jera sunaye biyu ba tare da OR a tsakaninsu ba, ma'anar ta canza, sai an danna su a tare kafin umarnin ya tafi. Akwai kuma NOT, wanda ke hana umarni tafiya muddin wani maɓalli yana danne. Ka kula da rufe kowace alama da ka buɗe, domin alama ɗaya da ta ɓace tana iya sa manhajar ta ƙi karanta fayil ɗin duka.

Ga wanda ya gina akwatin wasa mai maɓallai na dindindin, fayil ɗin ctrlr ya fi dacewa, saboda MAME karanta shi kawai take yi, ba ta rubutu a kansa. A cikinsa ne kuma ake sa layin mapdevice, wanda ke ɗaure wani hannu takamaimai da matsayin ɗan wasa na ɗaya ko na biyu, domin kada su riƙa musanya wuri idan aka sake kunna kwamfuta. Shaidar kowane hannu tana fitowa idan aka tashi manhajar da umarnin -verbose.

Masu RetroArch da ke da irin wannan buƙata su nemi fayilolin da suka ƙare da .rmp a foldar config/remaps. Lambobin cikinsu na RetroPad ne, ba na hannun zahiri ba, inda B yake 0, A kuma 8, kuma fayil ɗin wasa guda yana rinjayar na injin kwaikwayo gaba ɗaya, wato ɓangaren RetroArch da ke kwaikwayon na'urar. Rikita waɗannan lambobi da na _btn shi ne kuskuren da muka fi gani a wasiƙun masu karatu.

Tambaya: Ɗan wasana yana tafiya hagu shi kaɗai ko ban taɓa sanda ba. Akwai gyara a fayil, ko sai na sayi sabon hannu?

Amsa: Sandar ta fara tsufa ne, ba ta komawa tsakiya daidai, amma sau da yawa ana iya ci gaba da amfani da ita. Ana faɗa wa manhajar ta yi watsi da ɗan motsin da ke kusa da tsakiya. A RetroArch layin shi ne input_analog_deadzone, ka fara da "0.10" ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har tafiyar ta tsaya. A Mupen64Plus sunansa AnalogDeadzone, saitinsa na asali "4096,4096" ne daga cikin iyakar 32768. A Dolphin, mai kwaikwayon GameCube da Wii, yana cikin GCPadNew.ini da sunan Main Stick/Dead Zone, kuma da kaso cikin ɗari ake rubuta shi. Kada ka zarce abin da ya wajaba, domin duk abin da ka ƙara kana rage shi ne daga tafiyar sannu da saitin harbi, kuma idan sai da ka kai kusan kashi 30 kafin ta nutsu, to sandar gyara take buƙata ko canji.

Tambaya: Na ɗaura fita daga wasa a kan maɓallin Start, yanzu duk lokacin da na so dakatar da wasa sai manhajar ta rufe.

Amsa: Ka ba maɓalli ɗaya aiki biyu ba tare da mai raba su ba. A retroarch.cfg ka nemi input_enable_hotkey_btn, ka sa masa lambar wani maɓalli da ba a cika dannawa ba, yawanci Select. Daga nan input_exit_emulator_btn da sauran umarnin manhajar ba za su yi aiki ba sai an riƙe Select an danna su, Start shi kaɗai kuma ya koma aikinsa na cikin wasa. Idan ka riga ka rikita saitin har ba ka iya shiga menu da hannun gem, F1 a kibod yana buɗe shi, ko kuma ka rufe manhajar ka mayar da layin fitar zuwa "nul".