Mun tara jikka tamanin, me za mu kai wa waɗanda suka koma ƙauye?

Tambaya: Malam, mu matasa ne ƴan fada ɗaya a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Dangin abokinmu da ƴan bindiga suka kora daga ƙauyensu wajen Madarumfa sun koma gida bayan shekara biyu. Mun tara jikka tamanin da buhu uku na tufafi. Me ya fi dacewa mu kai musu?

Amsa: Allah ya yi muku albarka, ƙannena. Tufafin ku kai, amma kada ku taɓa kuɗin sai biyu daga cikinku sun je sun gaida mai gari, sun tambaye shi hali da lafiyar hanya, sun kuma zauna da mata.

Tun 2019 da mutanen Zamfara, Sakkwato da Katsina suka kwararo Gidan Rumji, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori, idon masu agaji yana kan wanda ya gudu. Wanda ya koma gida kuwa, ana ɗauka ya huta. Bara na je irin wannan ƙauyen. Wata tsohuwa ta ja ni bayan ɗakinta, ta tura yatsa jikin rumbunta, karan ya zube kamar gari, gara ta gama da shi. Guga na farko da aka jawo daga rijiyar garin, baƙin ruwa ne mai wari. Ta ce mini: "Ɗana, irin shukar ma mun ci shi a hanya."

Don haka ku sayi iri, ya isa hannunsu kafin ruwan shuka na watan Yuni. Ku nemi gero mai saurin nuna irin su HKP, da wake. Ma'aikatan gona na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, da ke Tarna kusa da Maraɗi, za su nuna muku na kirki. Ragowar ku biya masu yasar rijiya. Sannan ku sa ranar gayya, ku tafi da ƙarfinku a yi yaɓe da jinka.

Abu ɗaya nake roƙonku: in kun tarar wani ya nome gonar wani a bayansa, kada ku sa baki. Wannan na mai gari ne da kwamitin filaye da ake kira kofo. Ku dai ku rubuta sunayen yaran da takardar haihuwarsu ta ɓace a gudu, ku raka iyayensu ofishin magajin gari kafin a koma lakwal a watan Oktoba.