Tambaya da Amsa: Likita zai iya duba haƙori ta waya?

Tambaya: Malam, ƙanena yana karatun likitancin haƙori a ƙasar Tailan. Ya ce ana nuna musu yadda ake duba bakin majiyyaci ta waya, kuma kan 'yan ajinsu ya rabu: wasu na murna, wasu na ɗari-ɗari. Anya waya za ta iya wannan aiki?

Amsa: Za ta iya wani sashe, kuma kowane ɓangare na ɗaliban nan yana da hujjarsa. Abin ya daɗe, don tun 1994 sojojin Amurka suka fara gwada shi. Hanya biyu ake bi: ko a yi kiran bidiyo kai tsaye, ko a ɗauki hoto a tura, likita ya duba idan ya samu sarari. Ta biyun ta fi dacewa da karkara, tunda ba ta buƙatar intanet mai ƙarfi.

Masu murnar sun san ƙasarsu. Likitocin haƙori sun fi taruwa a Bankok da manyan birane, alhali Tailan na da 'yan sa-kai na kiwon lafiya sama da miliyan 1 a ƙauyuka, kuma manhajar LINE ta zama ruwan dare a can kamar WhatsApp a wajenmu. Ɗan sa-kai ya ɗauki hoton bakin tsohuwar da ba ta iya tashi daga gado, likita ya gani ya ce wannan a kawo ta yau, wancan zai iya jira. Wannan kaɗai ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Masu ɗari-ɗarin kuwa, ni ina ganin girman damuwarsu. Shekara 6 ɗalibi ke yi a makarantu irin su Chulalongkorn da Mahidol ana horar da hannunsa. Kyamara ba ta ƙwanƙwasa haƙori ta ji wanne ke zafi, ba ta auna zurfin dasashi, kuma ramin da ya ɓuya tsakanin haƙora biyu sai hoton X-ray na asibiti ke fito da shi. Waya ta tantance wa ke buƙatar gaggawa, ta bi diddigin wanda aka cire wa haƙori, amma cikewa da cirewa sai a kan kujerar likita.

Tambaya: Na tura wa likita hoton haƙorina ya ce bai ga komai ba. Ina matsalar take?

Amsa: Galibi kyamarar gaba ce da ƙarancin haske. Ka ba wani ya ɗauke ka da kyamarar baya, bayan ya goge gilashinta. Ku tsaya kusa da taga, ka sa bayan cokali mai tsabta ka janye kunci, ya taɓa wurin haƙorin a fuskar wayar har hoton ya fito tas kafin ya danna. Kada ya manna wayar a bakinka, hoton zai yi dishi-dishi. Ya ɗan ja baya. Wajen turawa ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, domin turawar yau da kullum tana matse hoto ta rage masa kyau.

Kada kuma ka jefa shi a zauren da mutane suka cika. Hoton bakinka bayanin lafiyarka ne. A Tailan dokar kare bayanan mutane ta fara aiki gadan-gadan ranar 1 ga Yuni, 2022, ta kuma sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman; Najeriya ma ta yi tata a 2023. Ka tura wa likitan shi kaɗai.

Idan kuwa kumburi ya hau fuska har kusa da ido, ko haɗiya tana yi maka wuya, ko zazzaɓi ya rufe ka, ajiye wayar ka nufi asibiti a ranar.