Shin RME ADI-2 DAC zai gyara sautin HD 600?

Malam, ka tambaya ko wannan na'urar ta Jamus za ta fi wayarka fitar da sautin hedifon Sennheiser HD 600. Za ta fi, amma aikin amfilifayarta ne. Hedifon ɗinka om 300 ne (om shi ne ma'aunin turjiya ga wutar lantarki), yana son wuta sosai, wayar kuwa ba ta da ƙarfin tura shi. Shi ya sa kiɗan ganga ke fitowa a sanyaye ko ka ƙure ƙara.

Ɓangaren da ke juya lambobi zuwa sauti kam, wato DAC, ko na araha a yau kunne bai cika kama aibinsa ba. Ni abin da ya fi burge ni EQ ɗinta ne, wato abin daidaita sauti, wurin ƙara bas. Idan kana da lasifika mai amfilifaya a ciki, haɗa ta bayan na'urar da kebul na XLR mai fil uku, ka riƙa rage ƙara da rimot.