Amsa ga Hajiya kan ƙarin da aka gani a tumbin Alhaji

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Alhaji lafiya. Kin ce an zura masa kyamara a Gee, babban asibitin Kumasi, an ga ƙananan ƙari a tumbi, takarda ta ce neuroendocrine, wato ƙarin da ke tasowa daga ƙwayoyin jiki masu fitar da sinadarai, kuma kin gani a intanet wai irinsu suna fitar da wani sinadari, serotonin, har su taɓa zuciya. Mma ɗina ta yi wannan ciwon nan Kumasi, ni na yi jinyarta, to ki kwantar da hankali tukuna.

Yadda dokta ya fahimtar da mu, ƙwayoyin da ke yin serotonin ana ce musu EC, a hanji suka fi yawa, a ƙarin tumbi kuwa da wuya a same su. Yawanci na tumbi daga ƙwayoyin ECL yake tasowa, su kuma wani sinadari daban, histamine, suke yi. Kuma ko ƙarin mai serotonin ne, jinin ciki sai ya ratsa hanta, ita kuma ta lalata serotonin ɗin, shi ya sa alamomin irin wannan ƙari, gudawa da zafin fuska da numfashi mai fito, galibi ba sa bayyana sai ciwon ya kai hanta.

Abin da za ki matsa ki tambaya shi ne wane iri ne. Na Mma nau'i na 1 ne, wanda ya fi yawa, garkuwar jiki ce ke cinye bangon tumbi, asid ya ragu, gastrin, sinadarin da ke sa tumbi ya yi asid, ya hau sama ya yi ta tunzura ƙwayoyin ECL ɗin nan har su tsiro, ga bitamin B12 ɗinta ya yi ƙasa sosai, dama mun daɗe muna cewa gajiyar tsufa ce. Da kyamara aka cire su, sai allurar B12 da komawa dubawa. Nau'i na 3 ne ba ya son wasa, guda ɗaya babba, gastrin daidai, ya fi saurin yaɗuwa. Ki duba Ki-67 a takardar, ma'aunin saurin girman ƙarin ne, ƙasa da kashi 3 mai tafiyar hawainiya ne.

In sun ce gwajin fitsarin awa 24, 5-HIAA, wato ragowar serotonin da ke fita ta fitsari, to Alhaji ya haƙura da ayaba, kelewele (soyayyar agada), abarba, piya da tumatir na wasu kwanaki kafin nan, suna ɗaga sakamakon a banza, na san tumatir ɗin ne rigima tunda babu miyar da ba shi. Kuma in yana shan omeprazole, maganin rage asid, ki faɗa musu, yana ɗaga gastrin da chromogranin A, wani sinadari da ake aunawa a jini don irin wannan ƙari, amma kar ya daina sai dokta ya ce.