Me ya sa cinikin ranar ƙarshen wata yake ɓacewa daga rahoto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni nake kula da manhajar wani kantin magani a Gombe. Duk lokacin da na fitar da cinikin wata a MySQL, rumbun da ke ajiye bayanan manhajar, da umarnin BETWEEN '2024-01-01' AND '2024-01-31', sai jimillar ta gaza abin da ke littafin kanti, har maigida ya fara zargin yaransa. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka fara kwantar wa maigida da hankali, domin da alama babu wanda ya taɓa masa ko kwabo. Idan gurbin kwanan watan nau'in DATETIME ne, wato mai ajiye rana haɗe da lokaci, MySQL yana ɗaukar '2024-01-31' a matsayin ƙarfe 12 na daren da ranar ta fara, saboda haka duk abin da aka sayar ranar 31 tun daga safe har aka rufe kanti ba ya shiga lissafi. A ce sunan gurbin kwanan, sai ka rubuta kwanan >= '2024-01-01' AND kwanan < '2024-02-01', wato daga 1 ga Janairu zuwa kafin 1 ga Fabrairu, wanda babu ruwansa da yawan kwanakin watan.

Amma ka duba sauran teburan naka, domin abin da nake cin karo da shi kusan kullum ya fi wannan muni, wato ajiye kwanan wata a VARCHAR a matsayin rubutu zalla, wai don ya fito yadda oga ya saba gani. Masu wannan aika-aika, waɗanda suka koyi sana'ar cikin mako biyu suka buga kati, sukan ce ai kwamfuta tana ganewa. Ba ta ganewa ko kaɗan. Harafi bayan harafi take gwadawa, shi ya sa take sa 02/12/2024 gaban 15/01/2024, kuma za ta karɓi 31/02/2024 ba tare da ta yi ko tari ba. Sannan 03/04/2024 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris, don haka idan aka kwaso bayanai daga Excel ɗin kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka, sai watanni su cakuɗe, babu gargaɗin da zai fito a allo, rahoton kuma ya fito tsaf.

Idan ka tarar da haka, ka buɗe sabon gurbi na DATE, wato nau'in da aka tanada don kwanan wata, ka juya tsofaffin da umarnin STR_TO_DATE, mai mayar da rubutu kwanan wata, zuwa tsarin ISO 8601, shekara, wata, rana, ka bar wa umarnin DATE_FORMAT aikin nunawa yadda oga yake so. Waɗanda ranarsu ba ta wuce 12 ba kuwa, in ana shakkar asalinsu, sai an zauna da rasit an bi su ɗaya bayan ɗaya.