Amsa kan abin da ke riƙe ƙwayoyin jiki

Ƙanwata ta Ringim, kin tambayi me ke manne ƙwayoyin halittar jikinmu, kuma daga ina ya samo asali. Furotin ne, masana sun kasa su gida huɗu: kadarin, intagirin, selektin da dangin imunogulobulin. Kadarin ke ɗaure ƙwaya da 'yar'uwarta, kamar laka tsakanin tubala, amma sai da sinadarin kalsiyam. Intagirin kuwa yakan kafe ƙwaya a shimfiɗar da take kai.

Asalinsu ya fi burge ni. A 2008 aka karanta kundin gadon wata halittar ruwa mai ƙwaya ɗaya, Monosiga, aka tarar da ire-iren kadarin a cikinta. Ke nan kadarin sun girmi dabbobi kansu. Selektin ne auta, sai can baya ya bayyana.